Silaf, yatsu ko fik: muhawarar makaɗan bes

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu na wannan zaure. Na fara koyon jitar bes, yanzu ina iya bin waƙa da yatsu biyu ba laifi. To amma duk bidiyon da na buɗe sai in ga mutum yana dukan tsirkiya da babban yatsa, yana fizgo wata da manuniya, sautin na fita tas-tas. Wannan salon shi ake kira silaf. Abokina ya ce wanda bai iya silaf ba bai iya bes ba. Malamin da ke koya mini kuma ya ce in cire shi daga raina, wai wasan yara ne. Maganar wa zan ɗauka?

Babban Yatsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abokinka ya wuce gona da iri, amma malaminka ya fi shi laifi. Wasan yara? Larry Graham ne yaron? Mutumin nan yana kiɗa da mahaifiyarsa a gidajen rawa na Kalifoniya, ita tana fiyano tana waƙa, ba su da mai ganga. Shi ne ya fara dukan tsirkiya mai kauri da babban yatsa don ta tsaya a madadin babbar ganga, yana fizgar siririyar don ta ba da ƙarar ƙaramar ganga. Da ya shiga Sly and the Family Stone ya kai salon cikin waƙar "Thank You" a ƙarshen 1969, waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a farkon 1970. Daga nan kiɗan fonk bai sake zama yadda yake ba. Kafin lokacin mai bes yana can baya kusa da amfilifaya, ko sunansa ba a tambaya. Silaf ne ya fito da mu gaba.

Kawu Mai Bes: Babban Yatsa, labarin da ka kawo gaskiya ne, sai dai hujja ce a kanka. Ka sake karanta abin da ka rubuta. Mutumin ya yi haka ne domin babu mai ganga. Giɓi ya gani ya cike. Kai kuwa yau kana da mai ganga a bayanka da ƙafarsa da hannuwansa biyu, sannan ka zo kana yi masa aikinsa, naka aikin kuma ka bar shi a ƙasa. Wa zai riƙe gindin waƙar? Aikin bes shi ne ya haɗa ganga da sauran kayan kiɗa, ya gaya wa kunne inda waƙa take da inda za ta. Idan kana son sanin yadda ake wannan, ka je ka saurari James Jamerson a faya-fayan Motown. Yatsa ɗaya yake amfani da shi a hannun dama, manuniya kawai. Jitarsa ƙirar Fender Precision ce, tsirkiya mai santsi wadda ta tsufa a jikin jitar, ga soso a ƙarƙashinta kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a gindin jitar, don kada sauti ya yi ta jan jiki. Ka sa "What's Going On" ta Marvin Gaye ta 1971, ka rufe ido ka bi bes ɗin kaɗai. Ba ya maimaita kansa, kuma bai taɓa taka mawaƙin ba. Ranar da ɗan silaf ya yi mini irin wannan, sai mu zauna.

Babban Yatsa: Kawu, da girmanka, amma fitowa gaba laifi ne? Sai mu dawwama a lungu?

Kawu Mai Bes: Ba laifi ba ne, ɗana. Amma idan ka fito gaba, wa ka bari a baya?

Uwar Ganga: Bari mai ganga ta sa baki tunda da mu ake. Ni ba na ƙin silaf. Abin da na ƙi shi ne mai silaf da ba ya jin ƙafata. Akwai wani da muka taɓa aiki tare, hannunsa kamar walƙiya, amma da zarar ya fara sai ya riga ni, kowane zagaye yana ƙara gudu kaɗan, kafin a kai amshi na biyu mawaƙiyar tana haki. Na yi masa magana ya ce ni ce nake jan ƙafa. Muka kunna metironom, na'urar da ke ƙirga lokacin kiɗa, ya rabu da shi tun kafin a yi nisa. Ba silaf ne ya jawo masa ba, ko da yatsu ya kaɗa haka zai yi, illa dai silaf ya fi tona asiri domin kowane bugu yana da kaifi. Da yatsu, in ka ɗan makara, taushin sautin zai rufa maka. Da babban yatsa kuwa kowa a ɗakin zai ji bugu biyu a inda ya kamata a ji ɗaya. Amma fa idan aka dace da wanda ya iya, ya sauke yatsansa daidai kan ƙafata, ya fizga daidai kan ƙaramar gangata, wallahi babu abin da ya kai shi daɗi a wurin mai ganga.

Ɗan Koyo: Anti, to ke nan silaf ya fi wuya?

Uwar Ganga: Ya fi saurin nuna kuskuren lokaci. Wuya kuwa sai masu jitar su faɗa maka.

Injiniyan Sauti: Ni matsalata daban ce, kuma ita ce masu bidiyo ba sa faɗa. Sautin silaf da kuke ji a waya yana burge ku, mutum ne shi kaɗai a ɗaki. Yawanci ya ɗaga ƙasa (sauti mai kauri), ya ɗaga sama (sauti siriri), ya rage tsakiya a amfilifaya. Shi kaɗai, sautin ya yi kyau ƙwarai. A saka shi cikin ƙungiya kuma sai ƙasan ya haɗu da babbar ganga su zama gurnani ɗaya, saman ya shige cikin farantan ƙarfe na mai ganga da jitar solo, tsakiyar da kunne ke gane muryar bes da ita kuma ya riga ya zubar. Abin da ke isa ga mutanen da ke bayan zaure shi ne ƙwas-ƙwas, kamar ana watsa tsakuwa a kan rufin kwano, ba wanda zai ce maka ga muryar da ake bugawa.

Na biyu, tsirkiyar E ta bes, wadda ta fi sauran kauri, tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa. Sauti mai zurfi haka yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya cika. Silaf kuwa farkonsa ne mai ƙarfi, sauran ya faɗi da wuri. Shi ya sa allurar miksa ke tsalle ta koma ja a kan fizga ɗaya, in na rage don kada lasifika ta yi kuka sai sauran kiɗan ya ɓace. Dole in sa kwamfuresa ta danne kan bugun ta ɗago jelarsa. Mai bes da ya san kansa yana zuwa da tasa, ko kuma ya horar da hannunsa yadda dukan da fizgar da yatsu duk za su fito da ƙarfi kusan ɗaya. Marcus Miller ke nan. Ku saurari "Never Too Much" ta Luther Vandross ta 1981. Silaf ne tun daga farko, amma kowace murya a cike take, kuma Luther yana da fili yadda yake so.

Babban Yatsa: Yauwa, Injiniya ya kawo mini shaida da kansa. Kawu, ga waƙar soyayya mai laushi, ga silaf, ga mawaƙi ba a taka shi ba. Sai mu zauna ɗin?

Kawu Mai Bes: Marcus Miller ka kawo mini, mutumin da ya shirya wa Miles Davis faifan Tutu a 1986, ya rubuta yawancin kiɗan da ke ciki. Wannan mai tsara waƙa ne da ya riƙi bes, yana jin duk abin da sauran ke yi kafin ya ɗaga yatsa. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Nawa ne irinsa cikin masu cika mana kunne? Kuma ka lura, yana ajiye babban yatsan ya koma yatsu, har jitar da ba ta da firet, wato ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar, yana kaɗawa, idan waƙa ta nemi haka.

Mai Fik: Ina zaune ina kallonku, an raba duniya biyu tsakanin yatsu da silaf kamar mu ba mu da rai. Kullum haka ake mana, wai mai kaɗawa da fik, ɗan guntun roban nan da ake riƙewa da yatsu, ɗan jitar solo ne da ya rasa gurbi. Carol Kaye da fik ta yi rikodin ɗin da ba su ƙirguwa a situdiyoyin Los Anjalas a shekarun 1960. Paul McCartney yawancin kiɗansa da fik ne. Chris Squire na ƙungiyar Yes da fik ya fitar da wannan sautin mai haƙora a jitarsa ƙirar Rickenbacker. Duk abin da Injiniya ya yi kuka da shi, fik ya magance: bakin bugu a fili yake, tsakiyar sauti na nan, ƙarfin kowane bugu daidai da na ɗan uwansa. Ka kwantar da gefen tafin hannu a kan tsirkiya kusa da jaki, ka buga ƙasa-ƙasa, ka ji yadda yake zama daram. A kiɗan rok mai jita biyu suna ruri, je ka yi silaf ɗinka mu ga wanda zai ji ka.

Babban Yatsa: Flea fa, mai bes na Red Hot Chili Peppers? Ba rok ba ne? "Higher Ground" da suka sake yi a 1989, da me ya buɗe ta?

Mai Fik: Jita ɗaya ce a ƙungiyarsu, Yaya, fili ya ishe shi. Kuma shi da kansa ya rage silaf sosai a faifansu na 1991, ya koma buga kaɗan mai nauyi. Ka tambayi kanka dalili.

Malam Kundi: Ina neman afuwa, zan ɗan koma baya, domin an yi maganar kamar a 1969 aka fara dukan tsirkiya. A jitar lantarki, e, Larry Graham ake ba wa. Amma masu babban bes na katako, wanda ake tsayawa a kaɗa, sun daɗe suna yi. A jaz na New Orleans irin su Pops Foster, da Wellman Braud wanda ya yi aiki da Duke Ellington, suna jan tsirkiya su sake ta ta bugi allon wuya, domin babu amfilifaya, ga ƙahoni suna busa, dole a nemi hanyar da za a ji su. Bill Black ma haka ya yi wa Elvis Presley a rikodin ɗinsu na farko a 1954, kuma nan ma babu mai ganga. Kun ga dalilin bai canja ba.

Abin da ya sa salon ya bazu a shekarun 1970 kuma har da kayan aiki. Fender Precision ta fito a 1951, Jazz Bass a 1960, kuma tsirkiya mai santsi aka saba sa musu, wadda in ka doke ta sai ta ce dum ta yi shiru. Tsirkiya mai kaushi, wadda ake jin zaren ƙarfen da aka naɗe ta da shi a ƙarƙashin yatsa, ta samu karɓuwa ne bayan kamfanin Rotosound na Ingila ya fitar da tasa a 1966 tare da John Entwistle na The Who. Ita ce ke ba da wannan ƙarar mai haske idan ta bugi firet. Sai Music Man StingRay a 1976, mai batir a ciki da ke ƙara wa ƙasa da sama ƙarfi. Louis Johnson ya riƙe ta, har ake masa laƙabi da mai yatsun tsawa. To wannan Louis Johnson ɗin dai shi ne ya kaɗa bes a "Billie Jean" ta Michael Jackson, kuma babu silaf a layin nan da duniya ta haddace. Mutumin da ya fi kowa iya abin, a waƙar da ta fi kowace shahara cikin waɗanda ya yi wa aiki, bai yi shi ba.

Kawu Mai Bes: Allah ya saka da alheri, Malam. Na huta.

Malam Kundi: Kada ka yi saurin hutawa, Kawu, akwai wanda zai ɓata maka rai. Lokacin da Steely Dan ke rikodin "Peg" a faifan Aja na 1977, masu waƙar sun gaya wa Chuck Rainey kada ya yi silaf, domin a ganinsu ya cika gari. Shi kuwa ya ji amshin yana neman sa. Sai ya juya yadda ba za su ga hannunsa ba, ya yi abinsa a amshi. Suka ji ya yi daɗi, aka bar shi a faifan. Chuck Rainey kuma ɗan yatsu ne na asali, ba wanda zai kira shi mai neman suna.

Babban Yatsa: Hahaha! Malam Kundi, yau ka biya ni. Kawu, ko a ba ka ruwa?

Kawu Mai Bes: A amshi kaɗai ya yi, ɗana. Baitocin da yatsu ya bi su. Da irinku ne, da tun daga farkon waƙa har ƙarshe ba za a sha iska ba.

Ɗan Rege: Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake ɗauka fonk ba ya yiwuwa sai da silaf. Rocco Prestia na Tower of Power da yatsu biyu ya yi "What Is Hip?" a 1973, ƙananan bugu a jere ba tsayawa, hannun hagu yana danne su rabi-rabi. Bernard Edwards na Chic bai dogara da silaf ba a "Good Times" ta 1979, kuma layin nan sai da aka gina waƙoƙin rap na farko a kansa. Jaco Pastorius, wanda faifansa na 1976 ya rikita duk masu bes, yatsu ne kusa da jaki a jitar da ya cire wa firet. A wajenmu masu rege kuwa maganar ma ba ta taso ba. Aston Barrett na Wailers da Robbie Shakespeare sauti mai kauri suke nema, a rufe saman gaba ɗaya, a kaɗa kusa da wuya inda tsirkiya ta fi laushi, a bar wurare babu komai. Ka yi fizga ɗaya a tsakiyar wannan, ka ɓata wa kowa rawa.

Babban Yatsa: Ba wanda ya ce a yi shi a rege. Amma ku ma ku yarda akwai abin da yatsu ba za su ba ka ba. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu, a "You Can Call Me Al" ta Paul Simon, 1986. Ɗan gajeren wurin nan da kowa ya yi tsit bes ya yi magana shi kaɗai. Daƙiƙu kaɗan ne, amma shi mutane ke jira.

Injiniyan Sauti: Wannan wurin akwai hannun irinmu a ciki. Rabin farko ne ya kaɗa, rabi na biyu an juya tef ɗin ne aka sa shi ta baya. Shi ya sa masu koyo ke shan wuya wajen fitar da shi daidai yadda yake a faifai.

Uwar Ganga: Kun ga Injiniya ma yana son a san da shi.

Ɗan Koyo: Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu ban san abin da zan yi gobe in na ɗauki jitar ba. Na gwada dukan, sai duk tsirkiyoyin su ɗauki ƙara tare, babban yatsana kuma ya yi ja.

Babban Yatsa: To nan ne wurina. Da farko ba da ƙarfi ake yi ba, yatsanka ya yi ja ne domin kana dukan kamar kana jin haushinta. Gefen gaɓar babban yatsa, inda ƙashi yake, shi ne zai taɓa tsirkiya, a daidai ƙarshen wuya kan firet na ƙarshe. Hannun ba ya ɗagawa daga kafaɗa, gaɓar hannu ce ke juyawa, yatsan ya taɓa ya dawo nan take. In ya kwanta a kan tsirkiyar ya kashe sautin. Fizga kuma, ka sa bakin manuniya kaɗan a ƙarƙashin D ko G, juyawar da hannun zai yi ya dawo ita za ta ɗago ta, ka sake ta ta faɗa kan firet. Kada ka ja ta sama kamar za ka tsinke ta. Fara da oktaf, wato murya ɗaya mai kauri da siririyarta: danna firet na 5 a tsirkiyar E ka doka, danna na 7 a tsirkiyar D ka fizga. A hankali, da metironom.

Ƙarar da kake ji kuwa aikin hannun hagu ne. Yatsun da ba sa danna komai su kwanta a kan sauran tsirkiyoyin, ba dannawa ba, taɓawa kawai. Rabin silaf kashe sauti ne. Har akwai bugun da ake yi da gangan a kan tsirkiyar da aka kashe, ba murya sai tak, shi ne ke cike tsakanin muryoyi ya sa jiki motsi. Su Victor Wooten da ke dukan ƙasa su dawo da yatsan sama, ko Mark King na Level 42 da ke yi yana waƙa a lokaci guda, ka bar su tukuna, kallo kawai.

Kawu Mai Bes: A nan ba ni da ja. Abu ɗaya zan ƙara: kada ya ci maka lokacin yatsu. In kana da awa guda, ba shi kwata, sauran ka bi waƙoƙi daga farko har ƙarshe, ka koyi inda muryoyi suke a wuyan jitar. Duk ƙungiyar da za ta kira ka, abin da za ta fara nema ke nan. Kuma ka lura da wata cuta ta masu silaf: komai a E suke yi, domin buɗaɗɗiyar tsirkiyar ta fi daɗin duka. Ranar da mawaƙiya ta ce a sauke mata waƙa zuwa E-filat, rabin mataki ƙasa da E, sai ka ga gumi.

Babban Yatsa: Wannan kuma sharri ne, Kawu.

Kawu Mai Bes: Sa mana bidiyonka a E-filat mu gani.

Mai Fik: Kwata ga silaf, sauran ga yatsu. Fik ko minti biyar ba a ba shi ba. Ɗan Koyo, saya guda mai kauri ka jefa a aljihun jakar jitar, ba ya cin wuri.

Ɗan Koyo: Zan saya, Yaya. Tambaya ta ƙarshe: tsirkiyar jitata ta yi nisa da wuya sosai, kuma tun da na saye ta hannu na biyu ban canja ta ba. Ko shi ya sa ba na samun wannan ƙarar?

Injiniyan Sauti: Shi ne babban dalili. In ta yi nisa ba za ta bugi firet ba sai ka yi da ƙarfi, ƙarfin kuma shi ke ɓata maka lokaci da yatsa. Kai ta wurin mai gyara ya duba lanƙwasar wuyan ya sauke jakin kaɗan, kada ka taɓa ƙarfen cikin wuyan da kanka tunda ba ka saba ba. Shafa tsirkiyar ka ji: in santsi gare ta, ba ta silaf ba ce, in mai kaushi ce amma ta dushe, datti da gumi sun cika ta, sai sabuwa. Sai dai ka sani, in an sauke ta sosai, ranar da ka ja da yatsu da ƙarfi za ta riƙa zuza a kan firet. Ka gaya wa mai gyaran duka biyun kake yi, ya nema maka tsakiya.

Ɗan Rege: In ka cire tsohuwar kada ka yar, aiko mini. Irinta nake nema.